Awon sauri a sito-siton Amazon: wa ya yanka adadin, da wa aka yi cinikin?

Duk wanda ya taɓa sa leburori aiki ya san hanya biyu ce ake biyan gumi: ko a yi jinga, ko a biya kuɗin yini. In jinga ce, mai aiki da lebura za su tsaya a gaban aikin su dube shi, kunya nawa ce a gonar, buhu nawa ne a motar. A yi tayi, a ce albarka, a ƙara, har a sallama. Daga nan saurin aikin ya rage wa lebura, in ya ga dama ya gama kafin azahar, in ya ga dama ya kai la'asar. In kuwa kuɗin yini ne, lokacinsa aka saya, zai yi iya ƙarfinsa daga safe har a tashi.

Abin da ke gudana a manyan sito-siton kamfanonin da ke sayar da kaya ta intanet, musamman Amazon a Amurka, bai yi kama da ko ɗaya daga cikin biyun ba. Kuɗin awa ake biyan ma'aikaci kamar mai kuɗin yini, amma ana ƙirga masa aiki ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan jinga. Kuma adadin da ake nema a wurinsa ba a yi cinikinsa da shi ba, yanka masa aka yi. In ya zarce, galibi ba ya ganin bambanci a albashinsa. In ya gaza, sai gargaɗi, sai wani gargaɗin, sai sallama. Ƙuri'un kafa ƙungiya, yajin aiki, shari'u da sababbin dokokin da ake ta jin labarinsu tun 2018, in aka bi diddiginsu, a kan wannan adadin suke tsayawa: wa ke da bakin magana a kansa?

A sito na zamani ma'aikaci ba ya yawon neman kaya. Tun da Amazon ya sayi kamfanin Kiva a 2012 kan dala miliyan 775, wasu gajerun mutum-mutumi ne ke kutsawa ƙarƙashin kanta, su ɗago ta, su kawo ta gaban mutum. Shi yana tsaye wuri guda. Allo ya nuna masa hoton abin da zai ciro, fitila ta haska masa ramin da abin yake, ya miƙa hannu sama, ko ya durƙusa, ko ya taka ɗan tsani, ya ciro, ya nuna wa sikana lambar jikin kayan, ya jefa a kwando, ya danna maɓalli. Kafin ya gama miƙewa wata kantar ta iso. Ma'aikata sun shaida wa 'yan jarida cewa kafin zuwan na'urorin nan abin da ake nema kaya kusan 100 ne a awa, bayan zuwansu ya koma 300 zuwa 400. Mu ɗauki na ƙasan: 300 a awa, kaya ɗaya ke nan duk daƙiƙa 12, a aikin awa goma. Tafiyar da ake yi a da tsakanin kanta da kanta wahala ce ga ƙafa, amma ita ce ke ba kafaɗa da wuyan hannu damar sararawa. Na'ura ta ɗauke tafiyar, ta bar wa mutum miƙa hannu da sunkuyo zalla.

Akwai kuma ƙirga ta biyu, wadda ma'aikata suka fi tsoro: lokacin da hannu ba ya kan aiki. Da zarar sikana ta yi shiru, agogo ya fara lissafi. Zagayawa bayan gida a gini mai faɗin filayen ƙwallo da yawa, shan ruwa, jiran a gyara bel ɗin da ya maƙale, duk suna iya shiga lissafin, sai manaja ya zo yana tambayar ina kake daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. A 2019 wasu takardu da lauyan kamfanin ya miƙa wa hukumar ƙwadago suka fito fili, inda aka ga an sallami mutum kusan 300 a sito guda a Baltimore tsakanin Agustan 2017 da Satumban 2018 saboda gaza cika awo, kuma kwamfuta ce ke fitar da takardun gargaɗi da na sallama da kanta. Kamfanin ya ce manaja na iya soke abin da kwamfutar ta yanke. A 2021 ya sanar da sassauta yadda yake lissafin lokacin shirun, ya ce zai riƙa duba shi a tsawon lokaci maimakon a kama mutum da ɗan tsaiko. A Faransa kuwa hukumar kare bayanan jama'a, CNIL, ta sanar a Janairun 2024 cewa ta ci reshen kamfanin tarar yuro miliyan 32 saboda sa ido da ya wuce kima. Cikin abin da ta gano har da alamar da ke tashi in ma'aikaci ya nuna wa sikana kaya biyu a ƙasa da daƙiƙa 1.25, da wata mai tashi in ya yi minti goma bai nuna komai ba. Ka yi sauri a rubuta, ka tsaya a rubuta.

Jiki ne ke biyan wannan bashin. Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon, da kansa, a wasiƙarsa ga masu hannun jari a Afrilun 2021, ya ce kusan kashi 40 cikin ɗari na raunukan aiki a kamfanin ciwon jijiya, tsoka da gaɓɓai ne, irin wanda maimaita motsi ɗaya ke haifarwa. Wata cibiyar haɗin gwiwar ƙungiyoyin ƙwadago, SOC, ta bi alƙaluman da kamfanin ya miƙa wa gwamnati, ta ce a 2021 an samu munanan raunuka 6.8 a cikin kowane ma'aikaci 100 a sito-siton Amazon, alhali a na sauran kamfanoni 3.3 ne. A Disamban 2024 kwamitin majalisar dattawan Amurka da Sanata Bernie Sanders ke shugabanta a lokacin ya fitar da rahoto yana cewa binciken cikin gida na kamfanin ya nuna alaƙa tsakanin sauri da rauni, amma shugabannin kamfanin suka ƙi aiki da shawarar rage gudun. Amazon ya yi watsi da rahoton, ya ce binciken da aka dogara da shi yana da kurakurai, kuma raunuka sun ragu sosai tun 2019.

Ya kamata a saurari ɓangaren kamfanin da kyau, domin a cikin hujjarsa ne ƙullin maganar yake. Amazon na cewa shi ba shi da tsayayyen adadi ko kaɗan. Abin da yake yi, in ji shi, kwatanta ma'aikaci yake da takwarorinsa masu aiki iri ɗaya a sito ɗaya. Ga kunne wannan ya fi daɗin ji, amma a ganina ya fi tsayayyen adadin nauyi. In an ce maka 300, ka san 300 ce, ka cika ka huta. In an ce kada ka kasance cikin na baya, to ko kowa ya ƙara gudu dole a samu na baya. Wanda ya gaji ya tafi, a ɗauko sabon jini, ma'aunin ya ƙara hawa, ba tare da wani manaja ya taɓa furta cewa an ƙara aiki ba. Jaridar New York Times ta ruwaito a 2021 cewa kamfanin na rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ma'aikatan awa duk mako, wato kimanin kashi 150 a shekara. Gaskiya ne albashinsa ya fi na ayyuka da yawa irinsa, tun 2018 ya mayar da mafi ƙarancin kuɗin awa dala 15 lokacin da na gwamnatin tarayya ke dala 7.25. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ba wanda ke musun haka. Maganar ita ce kai nawa aka yi alkawarin askewa, kuma wa ya faɗa.

Hanya ta farko da aka bi don magance abin ita ce doka. Jihar Kalifoniya ce ta fara, da dokar AB 701 da Gwamna Gavin Newsom ya sa wa hannu a Satumban 2021, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Ta shafi kamfanin da ke da ma'aikata 100 a sito guda ko 1,000 a faɗin jihar. Ta ce dole a ba ma'aikaci awon da aka ɗora masa a rubuce, tare da hukuncin da zai biyo bayan gazawa. Ba za a hukunta shi a kan awon da ba a nuna masa ba. Ba a yarda da awon da zai hana shi hutun cin abinci ko zagayawa ba. In yana zargin an saɓa, yana iya neman bayanan saurin aikinsa na kwana 90. Jihohin Niyok, Washinton, Minesota da Oregon sun biyo baya da nasu. A Yunin 2024 Kalifoniya ta ci Amazon tarar dala miliyan 5.9 kan sito biyu, a Moreno Valley da Redlands, saboda bai ba ma'aikata awon a rubuce ba. Hukumar jihar ta ƙi karɓar hujjar kwatanta mutum da takwarorinsa, ta ce wannan ma awo ne, kuma ɓoyayyen awo shi ne ainihin abin da aka yi dokar dominsa.

Dokokin nan sun yi amfani, ba na raina su. Wanda aka kora a kan adadin da bai taɓa gani ba yanzu yana da abin riƙewa. Amma ba su yanke cewa 300 ta yi yawa ba, ba su ce 250 ce daidai ba. Ba kuma za su iya ba, domin ɗan majalisa ba ya tsaye a gaban kanta. Adadin da ya dace da mai ciro man goge baki ba shi ne ya dace da mai ɗaga buhun abincin kare ba, wanda ya dace da ɗan shekara 22 ba shi ne na 'yar shekara 55 ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Doka ta tilasta a nuna maka farashin, ba ta ba ka damar tayi ba.

Tayin shi ne abin da ake kira cinikin bai-ɗaya: ma'aikata su zaɓi wakilai, su zauna da kamfani, a rubuta yarjejeniya guda da ta hau kan kowa. Ba sabon abu ba ne a Amurka, kuma tun asali gudun aiki na cikin abin da ya haife shi. Ma'aikatan kamfanin motoci na General Motors da suka zauna dirshan a cikin masana'anta a Flint tsawon kwana 44, daga Disamban 1936 zuwa Fabrairun 1937, babban kukansu har da yadda ake ƙara wa layin haɗa mota gudu. A yau a sito-siton kayan masarufi da ke da ƙungiyar Teamsters (babbar ƙungiyar ƙwadagon direbobi da ma'aikatan sito) ma ana yin awo, sai dai ƙungiya na iya kawo injiniyanta ya sake auna aikin, kuma wanda aka hukunta yana da matakan ɗaukaka ƙara har zuwa gaban mai sulhu da ba ɗan kamfani ba. Ƙungiya ba ta kashe awo. Abin da take yi shi ne mayar da shi jinga, abin da aka yi tayi aka sallama.

A takarda, ma'aikatan Amurka na da wannan 'yanci tun dokar hulɗar ƙwadago ta 1935. In kashi 30 cikin ɗari suka sa hannu, hukumar hulɗar ƙwadago ta tarayya, NLRB, za ta shirya ƙuri'a. In mafi yawan masu jefawa suka amince, wajibi ne kamfani ya zauna ciniki da zuciya ɗaya a kan albashi, awannin aiki da sharuɗɗansa, kuma nauyin aiki na cikin sharuɗɗan. Sai dai dokar na da ramuka biyu masu zurfi. Na farko, ba ta cin tara. Kamfanin da ya kori mai haɗa kan ma'aikata ba bisa ƙa'ida ba, galibi abin da zai same shi, bayan shekaru ana shari'a, shi ne ya mayar da shi ya biya shi albashin da ya rasa. Na biyu, ta wajabta zama amma ba ta wajabta cimma matsaya ba, kuma kotun ƙoli ta tabbatar a 1970 cewa hukumar ba ta da ikon tilasta wa kamfani amincewa da wani sharaɗi. Amurka ba ta ma amince da yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya masu lamba 87 da 98 ba, waɗanda suka shafi 'yancin kafa ƙungiya da cinikin bai-ɗaya, alhali Najeriya ta amince da su tun 1960.

Ga yadda ramukan suka bayyana a aikace. A siton Amazon na Bessemer ta jihar Alabama an yi ƙuri'ar kafa ƙungiya a 2021, masu ƙi 1,798, masu so 738. Hukumar ta soke ta, musamman saboda akwatin wasiƙa da kamfanin ya sa aka kafa a harabarsa, wanda ya sa ma'aikata jin kamar ana kallon ƙuri'arsu. Da aka sake a 2022 tazarar ta tsuke, 993 da 875, ga wasu ƙuri'u fiye da 400 da ake jayayya a kansu. A wannan shekarar kaɗai kamfanin ya kashe sama da dala miliyan 14 wajen hayar ƙwararrun da ke shawo kan ma'aikata su ƙi ƙungiya. Sai ga sito mai suna JFK8 a Staten Island, birnin Niyok. Chris Smalls, wanda aka kora a Maris 2020 bayan ya jagoranci fita daga aiki kan matakan kariya daga korona, shi da abokinsa Derrick Palmer suka kafa ƙungiya ba tare da wata babbar uwa a bayansu ba. Suka tare a tashar bas da ke gaban sito suna raba abinci suna karɓar sa hannu. Ranar 1 ga Afrilun 2022 suka ci, 2,654 da 2,131, karo na farko a tarihin kamfanin a Amurka. Duniya ta ɗauka. Amma kamfanin ya ƙalubalanci sakamakon, ya ƙi zama, daga baya ma ya kai ƙarar cewa tsarin hukumar NLRB kanta ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Ƙungiyar ta shiga ƙarƙashin Teamsters a Yunin 2024, aka yi yajin aiki a Disambar shekarar. Shekara uku bayan ƙuri'ar ba yarjejeniya. Inda ma'aikata ke sauyawa da irin saurin da aka ambata a sama, jinkiri kaɗai ya isa makami, domin kafin a gama shari'a da yawa daga waɗanda suka jefa ƙuri'ar sun bar aikin.

A wajen Amurka abin ya danganta da dokar ƙasa. A Jamus ƙungiyar ver.di na yajin aiki jefi-jefi tun 2013 ba ta samu yarjejeniyar da take nema ba, amma doka ta ba majalisar ma'aikatan kowace masana'anta bakin magana kafin a kafa na'urar da ke sa ido a kan aikin mutum. A Italiya kamfanin ya sa hannu da ƙungiyoyi a 2018 kan tsarin karɓa-karɓar aiki a sitonsa na kusa da Piacenza. A Coventry ta Ingila ƙungiyar GMB ta faɗi a Yulin 2024 da tazarar ƙuri'a 28 kacal. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Kwibek a Kanada, inda doka ta ba da damar a kawo mai sulhu ya yanke yarjejeniyar farko in ciniki ya cije, wato ramin nan na biyu a toshe yake. Ma'aikatan wani sito a Laval sun kafa ƙungiya a Mayun 2024. A Janairun 2025 kamfanin ya sanar da rufe dukkan cibiyoyinsa bakwai a lardin, ma'aikatan dindindin kusan 1,700 suka rasa aiki. Ya ce sauya tsarin kai kaya ne, ba ruwansa da ƙungiya. Ƙungiyar CSN da ke wakiltar ma'aikatan Laval ba ta yarda ba, ta kai ƙara.

Akwai wasu da suka samu aka saurare su ba tare da ƙuri'a ba, kuma labarinsu zai taɓa zuciyar duk mai salla. A sito na Shakopee da ke jihar Minesota, kaso mai yawa na ma'aikatan 'yan asalin Somaliya da gabashin Afirka ne, mata da dama a cikinsu. Kamfanin bai hana su salla ba. An ba su hutun yin ta. Amma adadin awa bai ragu ba. Ki ajiye kwali, ki taka zuwa wurin alwala, ki yi raka'a huɗu na azahar, ki dawo, kwalayen da ba ki naɗe ba a mintunan nan suna nan a wuyanki, sai ki rama su da ƙarin gudu. Masu naɗe kaya sun ce an ɗaga musu awo daga 160 zuwa 230 a awa. A watan azumi abin ya fi tsanani, baki a bushe, ga hada-hadar shirin ranar rangwame ta Prime. Wannan shi ne misali mafi bayyana na yadda awo ke cinye haƙƙin da ba wanda ya soke shi a takarda.

Da taimakon cibiyar Awood, kalmar da ke nufin ƙarfi a harshen Somaliyanci, suka haɗa kai har manajoji suka zauna da su a 2018, abin da ba a san wani rukunin ma'aikatan kamfanin ya taɓa samu ba a Amurka kafin nan. Kamfanin bai kira zaman ciniki ba, ya kira shi tattaunawa da al'umma. Abin da aka samu kaɗan ne: kafin a kori mutum a kan awo sai babban manaja da wani manaja mai jin Somaliyanci sun amince, za a amsa koke cikin kwana biyar, za a riƙa ganawa duk wata uku. Adadin kansa ba a taɓa shi ba, shi ya sa suka yi gangami a Disambar 2018 cikin sanyin Minesota, suka sake ajiye aiki na wasu awanni a ranar Prime ta Yulin 2019. Daga nan suka nufi majalisar jihar, suna ba da shaida a gaban kwamitoci. Dokar da ta fara aiki a Agustan 2023 ta wajabta a ba ma'aikaci awonsa a rubuce cikin harshen da ya zaɓa, ta ce hukuma ta binciki duk sito da raunukansa suka zarce na takwarorinsa da kashi 30 cikin ɗari, kuma a jerin abubuwan da awo ba zai hana mutum ba, bayan cin abinci da hutu da zagayawa, an rubuta lokacin ibada.